Haƙƙin daɗewa ga ɗan ci-rani: abin da ya faru a gandayen inabi na Kalifoniya

Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu. Sai samari da magidanta su ɗauki jaka su tafi ci-rani. Wasu su nufi garaken albasa na Galmi, wasu wurin gyaran hanya, wasu wurin gine-gine a Yamai. Wasu kuma sai bakin teku: Kwatanu, Lome ko Abijan.

Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani ya san tsayuwar bakin ƙofa. Tun da asuba mutane sun taru. Mutum goma ake so, mutum hamsin ke tsaye. Shugaban leburori ya fito, ya nuna wannan, ya nuna wancan. Ga wani magidanci da ya yi rani bakwai yana aiki a wurin. Ya san aikin, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Amma an tsallake shi, an ɗauki wani yaro da ya zo jiya, domin yaron ƙanen matar shugaban ne. Magidanci ba shi da abin nunawa. Ya koma gindin itace ya zauna.

Shin rani bakwai ɗin nan ba su da lada? A wasu ƙasashe ma'aikata sun yi gwagwarmaya a kan wannan magana har aka rubuta ta a takarda. Sunanta haƙƙin daɗewa.

Mene ne haƙƙin daɗewa?

Ma'aikata sukan haɗa kai su kafa ƙungiyar ƙwadago, wadda ake kira sandika. Ƙungiyar ta zauna da masu ba da aiki, su daidaita a kan albashi da awoyin aiki da hutu. Abin da suka daidaita a rubuta, kowa ya sa hannu. Wannan takarda ita ce yarjejeniya.

A cikin yarjejeniya akwai babin daɗewa. Babin yana cewa: in aiki ya samu, wanda ya fi daɗewa shi za a fara kira. In aiki ya ragu, wanda ya zo daga baya shi za a fara sallama. In wani gurbi mai kyau ya buɗe, a fara tambayar tsohon hannu. Makiyaya sun san irin wannan tsari a bakin rijiya. Wanda ya sha wahalar gina ta shi ke fara shayar da bisashensa, baƙo ya jira.

Ga ma'aikacin dindindin lissafin ba wuya. A duba ranar da ya kama aiki, a ƙidaya shekaru. Wuyar tana ga ma'aikacin ɗan lokaci, wanda ke yin wata uku ko huɗu ya tafi, baɗi ya komo. In ya komo, tsoho ne ko sabo? Watannin da ba ya nan, sun shafe na baya? Kuma daɗewa a ina za a ƙidaya, a gonar da yake aiki ko a cikin ƙungiya?

Waɗannan tambayoyi sun ɗaga wata babbar ƙungiyar ma'aikatan gona a Amurka, kuma sun kusa kayar da ita.

Ƙasar inabi

Kalifoniya jiha ce a yammacin Amurka, a bakin teku. A tsakiyarta akwai wani babban kwari mai albarka. Da lokacin zafi ruwan sama ba ya sauka a can, sai noman ban-ruwa. Manyan kamfanoni ke da gandayen. Suna noma inabi, salati, tumatir, lemu da sauransu.

Inabin ci da hannu ake tsinkar shi. Yana fara nuna a kudu, a kwarin Kwacela, wajen watan Mayu da Yuni. Daga nan kaka ta yi ta hawa arewa, ta kai garin Delano wajen watan Agusta. In ta zo ana bukatar dubban mutane cikin ƴan makonni. In ta wuce sai kaɗan, masu gyaran rassa lokacin sanyi. Don haka yawancin ma'aikatan ƴan ci-rani ne. Akwai mutanen Meziko, da na Filifin, da Larabawan Yaman, da baƙaƙe da fararen Amurka. Suna bin kaka daga gari zuwa gari.

Dokar Amurka ta 1935, wadda ta kare ƙungiyoyin ƙwadago, ba ta haɗa da ma'aikatan gona ba. Daga 1942 zuwa 1964 kuma gwamnati ta yi ta shigo da ƴan ƙwadago daga Meziko a kan yarjejeniyar ɗan lokaci. Mai gandu bai rasa hannuwa ba, don haka bai ji tsoron kowa ba.

Zamanin dillalai

A wancan lokaci mai gandu ba safai yake ɗaukar ma'aikata da kansa ba. Sai ya kira dillalin ƴan ƙwadago ya ce: gobe ina son mutum ɗari. Dillali ya cika mota ya kai. Shi ke zaɓen wanda zai tafi. Yana cire nasa daga kuɗin aiki, yana karɓar kuɗin mota da na abinci. Wanda ya yi ƙorafi, gobe ba shi da wuri a mota. Wanda ya fara tsufa, hannunsa ya rage sauri, a bar shi a bakin hanya, ko da ya yi shekara ashirin a gandun. Mata kuma suna shan wulaƙanci, ba su da wurin kai kuka.

Ranar 8 ga Satumba 1965 ma'aikata ƴan Filifin suka ajiye aiki a gandayen Delano. Jagoransu shi ne Lari Itliyon. Suna neman dola 1 da santi 40 a awa. Dola kuɗin Amurka ce, ba dalar kasuwar Maradi ba, kuma santi 100 ke yin dola 1. Bayan kwana takwas ƙungiyar ƴan Meziko ta bi su. Shugabanninta su ne Sezar Shabez da Dolores Werta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a 1966 ƙungiyoyin biyu suka zama ɗaya. Ita ce daga baya aka sani da suna UFW, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan gona.

A watan Maris 1966 ma'aikata suka kama hanya a ƙasa daga Delano zuwa Sakaramanto, babban birnin jihar. Tafiyar ta kai wajen kilomita 500, kusan a tashi daga Maradi a je Damagaram a komo. Sun yi kwana 25 a hanya. A wannan shekara kamfanin Schenley ya yarda ya sa hannu da su. Yawancin sauran suka ƙi. Sai ƙungiyar ta aika mutanenta manyan birane suna roƙon jama'a su daina sayen inabi. Mutane da yawa suka amsa, kasuwar inabi ta faɗi.

Ranar 29 ga Yuli 1970, bayan kusan shekara biyar, masu gandayen Delano suka sa hannu. Yarjejeniyar ta shekara uku ce. Albashi ya zama dola 1 da santi 80 a awa. An kafa asusun magani. An hana wasu magungunan ƙwari masu cutar da mutum. Amma abin da ya fi canza zaman gona shi ne babin ɗaukar ma'aikata.

Zauren rabon aiki

Yarjejeniyar ta kawar da dillali. A madadinsa ƙungiya ta buɗe zauren rabon aiki. Mai gandu ya gaya wa zaure yawan mutanen da yake so. Zaure ya duba jerin sunaye, ya ba kowa katin zuwa aiki. Wanda ya fi daɗewa shi ne gaba.

Ga mutane da yawa wannan babban ci-gaba ne. Dattijo ya sami wurinsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Mace ta sami aiki ba tare da ta yi wa dillali fara'ar dole ba. Ba a ba da goro, ba a duba dangi. Wanda shugaban leburori ya zalunta yana iya buɗe baki, domin aikin gobe ba a hannun shugaban yake ba.

Masu gandaye ba su so wannan tsari ba, domin ya karɓe musu iko. Wannan kowa ya zata. Abin da ba a zata ba shi ne, wasu ma'aikatan ma suka fara gunaguni.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce wurin da ake ƙidaya daɗewa. Zaure ya fi duba shekarun mutum a cikin ƙungiya bisa shekarunsa a gandu. Dalilin a fili yake: waɗanda suka yi yajin aiki, suka sha yunwa shekara biyar, sun cancanci gaba. To amma ga mutumin da ya yi kaka goma sha biyar a gandu ɗaya, bai shiga ƙungiya ba sai 1970. A takarda ya zama sabon shiga. Wanda bai taɓa taka gandun ba ya wuce gabansa.

Matsala ta biyu ita ce iyali. Ƴan ci-ranin can sukan taho gida guda: uba, uwa, ƴaƴa, ƙanne, cikin mota ɗaya. Tare suke aiki, tare suke komawa. Jerin sunaye kuwa mutum ɗaya ɗaya ya sani. Sai a tura uba gandun gabas, uwa gandun yamma, a ce wa ɗa ya jira. Mota ɗaya ce, ina za ta fara zuwa?

Matsala ta uku ita ce kuɗin ƙungiya. Kowane ɗan ƙungiya yana biyan dola 3 da santi 50 a wata, ko yana aiki ko ba ya yi. Wanda ya komo sai ya biya na baya kafin a ba shi kati. Ga misali: mutum ya yi wata 4 yana aiki, ya koma gida wata 8. In ya komo ana bin sa dola 28. A albashin dola 1 da santi 80, wannan ya kai aikin awa 15 da ɗoriya, kusan yini biyu. In su biyar ne a gida, dola 140 ke nan. Ga shi sun taho da aljihu wayam, ba su tsinki inabi ko ɗaya ba tukuna.

Matsala ta huɗu ita ce riƙon takardu. Masu aiki a zauren yawancinsu ƴan sa-kai ne, ba su saba da wannan aiki ba. Sunaye dubbai ne, kati kuma da hannu ake rubuta shi. Mutane su yi dogon layi a rana, wani lokaci a nemi sunan mutum a rasa. Inabi kuwa ba ya jira.

Tsarin ya fi yi wa mazauna gari daɗi, domin kullum suna kusa da zaure. Masu bin kaka su suka sha wuya. A cikinsu har da tsofaffin ƴan Filifin, waɗanda suka fara yajin aikin. Sun saba tafiya ayari guda tare da jagoransu, daga kudu zuwa arewa. Zaure ya wargaza ayarin. A 1971 Lari Itliyon ya bar ƙungiyar, ransa a ɓace a kan abubuwa da dama.

Shekara ta 1973

Da wa'adin yarjejeniya ya cika a 1973, masu gandaye suka sami hanya. Yawancinsu suka ƙi sabuntawa da UFW. Suka sa hannu da wata babbar ƙungiya ta direbobin manyan motoci, wadda ake kira Timsta. Ba a jefa ƙuri'a ba, ba a tambayi ma'aikata ba. A yarjejeniyar Timsta babu zauren rabon aiki. Dillalai suka komo.

UFW ta sake kiran yajin aiki. Aka yi ta rikici a bakin gandaye. An kama mutum wajen 3,500. A watan Agusta mutum biyu suka rasa ransu. Ɗaya shi ne Naji Daifullahi, saurayi ɗan Yaman mai shekara 24, wanda ya mutu bayan wani ɗan sanda ya buge shi. Ɗayan shi ne Huwan de la Kurus, dattijo mai shekara 60, wanda aka harbe a layin masu yajin aiki. Kafin shekara ta ƙare, yarjejeniyoyin UFW kaɗan suka saura.

Masu gandaye da Timsta su suka ƙulla wannan abu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gunagunin zaure shi ne tsagar. Wasu ma'aikata da ya kamata su tsaya wa ƙungiyarsu sun yi sanyi, domin sun tuna layin rana da bashin wata takwas.

Gyara kayanka

Ƙungiyar ta koyi darasi. Ta bar kuɗin wata-wata, ta koma karɓar kashi 2 cikin 100 na abin da mutum ya samu. Wanda bai yi aiki ba, ba a bin sa kome.

A watan Yuni 1975 gwamnan jihar, Jeri Burawun, ya sa hannu a kan dokar da ta ba ma'aikatan gona ikon zaɓen ƙungiyarsu da ƙuri'ar asiri. Dokar ta tuna da ƴan ci-rani. Ba a yin zaɓe a gandu sai lokacin da ma'aikata suka kai aƙalla rabin yawansu na tsakiyar kaka. Kuma in an nemi zaɓe, a yi shi cikin kwana 7, kafin mutane su watse. A 1977 Timsta ta janye daga gonaki.

Yarjejeniyoyin da suka biyo baya sun gyara babin daɗewa. Aka koma ƙidaya shekarun mutum a kamfanin da yake aiki. A wasu daga cikinsu, wanda ya yi kwana 14 yana aiki ya shiga jerin sunaye. Aka rubuta cewa sallamar ƙarshen kaka ba ta yanke daɗewa. Kamfani zai aika wa mutum takardar kira kafin aiki ya fara. Mutum yana rasa wurinsa ne in ya bar aiki da kansa, ko aka kore shi a kan laifi na gaskiya, ko aka kira shi ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba.

Wannan gyara ya taimaki waɗanda yarjejeniya ta rufe. Amma ƙungiyar ba ta sake samun ƙarfinta na 1970 a gandayen inabi ba. A yau kaɗan ne cikin ma'aikatan gonar Kalifoniya ke da yarjejeniyar ƙungiya, kuma dillalai ke kawo da yawa daga cikinsu.

Lissafi iri uku

Don a gane yadda ƙidaya ke canza rabon mutum, ga misali. Mutum biyu suna neman gurbi ɗaya. Na farko yana zuwa kowace shekara ya yi wata 4, yau shekara 6. Na biyu ya zo daga baya, ya yi wata 30 a jere bai tashi ba.

In aka ƙidaya daga ranar fara aiki, na farko ne gaba: shekara 6 ta fi shekara 2 da rabi.

In aka tara watannin aiki, na biyu ne gaba: na farko yana da 4 sau 6, wato wata 24, na biyu yana da 30.

In kuwa aka ce duk tafiya tana shafe na baya, na farko ba shi da kome. Kowace shekara sabon shiga ne, ko da furfura ta cika masa kai.

Kowane mai aikin ɗan lokaci ya kamata ya san wanne ne aka rubuta a wurin aikinsa. Lissafi na uku shi ne mai kashe ɗan ci-rani.

Abin da ya shafi ɗan ci-rani a Nijar

Kalifoniya tana da nisa, amma manomin Nijar ma mai tafiya da komowa ne. In hadari ya haɗu, dole ya bar aikin birni ya koma shuka. Tafiyarsa ba lalaci ba ce, abincin ƙasa yake zuwa nomawa.

A Nijar ma akwai maganar daɗewa a rubuce. A watan Disamba 1972 ƙungiyoyin ƙwadago da masu ba da aiki suka sa hannu a kan babbar yarjejeniya ta dukan sana'o'i. A 2012 aka yi sabuwar dokar ƙwadago. Dokar ta san aiki iri biyu: mai wa'adi da marar wa'adi. Ƙarin kuɗin daɗewa da kuɗin sallama, da yawan shekarun aiki ake lissafa su. Fansho kuma ya danganta ga yawan watannin da aka zuba wa mutum kuɗi a asusun ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda aka fi sani da Kes. Watan da ba a rubuta ba, kamar ba a yi shi ba ne.

Saboda haka wanda ya sami aiki a kamfani ya kula da abu huɗu. Ya adana takardun biyansa duka, kada ya naɗe goro da su. In aiki ya ƙare ya karɓi takardar shaidar aiki, wadda ke nuna ranar shiga da ranar fita da irin aikin da ya yi. Doka ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba da ita. Ya tambaya ko an rubuta sunansa a Kes. Kuma kafin ya tafi gida, ya sanar da biron kamfani a rubuce, ya bar musu inda za a same shi, don kada a ce gudu ya yi. In gardama ta tashi, akwai wakilan ma'aikata, akwai kuma ansipektan ƙwadago na jiha.

Yawancin aikin ci-rani ba kamfani, ba sandika, ba takarda. A nan ma ƙaramin kaye yana da amfani. Mutum ya rubuta ranar da ya kama aiki, da ranar da ya tashi, da abin da aka biya shi, da sunan mutum biyu da suka gani. Ƴan gari ɗaya masu zuwa wuri ɗaya kowace shekara suna iya haɗa jerin sunayensu, su kai wa mai aiki tun kafin lokaci.

Shugabannin sandika kuma, in sun zauna daidaita yarjejeniya, su tuna da masu tsayuwar bakin ƙofa. A rubuta kwana nawa mutum zai yi kafin ya shiga jeri. A rubuta cewa komawa gona da damina ba ta shafe shekarun baya. A rubuta yadda za a kira mutum, da kwanakin da za a ba shi ya iso. Kuɗin ƙungiya ya bi abin da mutum ya samu. Jerin sunaye kuma a manna shi inda kowa zai gani, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kafin a sa hannu, a tara ƴan ci-ranin kansu a ji ta bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.